ALEXANDERSON, INJINIYAN DA YA ƘETARAR DA SAƘO TEKU TA ISKA

An haifi Ernst Alexanderson a garin Uppsala na ƙasar Suwidin ran 25 ga watan Janairu, 1878. Da ya ƙare karatun injiniya sai ya bar gida cikin 1901, ya nufi Amurka neman abinci, kamfanin General Electric ya ɗauke shi aiki.

A zamanin nan yawancin saƙon ƙetare ta wayar da aka shimfiɗa ƙarƙashin teku yake bi. Da yaƙi ya ɓarke cikin 1914, Ingila ta datse wayoyin Jamus, sai kowace ƙasa ta gane hatsarin dogara da waya.

Maganin abin kuwa yana hannun Alexanderson. Ya ƙera wani ƙaton injin lantarki mai faifan ƙarfe da ke juyawa da tsananin gudu, yana fitar da igiyar rediyo mai dogon zango wadda ke bin doron ƙasa da teku dubban mil. Cikin 1918 aka kafa mai ƙarfin kilowat 200 a New Brunswick ta Amurka, sojan ruwa suka riƙa aika saƙo Turai da shi.

Aikin irin wannan tasha ba na rago ba ne. Ma'aikata kan yi karɓa-karɓa dare da rana, idonsu na kan gudun injin, domin in ya ragu ko ya ƙaru ko da kaɗan ne, saƙon ya kauce ke nan, mai saurare a ƙetare ba zai ji kome ba.

Cikin 1923 ɓarayi suka sace ɗansa mai shekara shida. Uban ya shiga gidan rediyon WGY ya yi cigiya da bakinsa. Wani da ya ji siffar yaron ya kai labari, aka samo shi lafiya lau. Wato rediyon da ya yi wa hidima ya biya shi.

Ya rasu ran 14 ga Mayu, 1975, yana da shekara 97. Tashar Grimeton ta ƙasarsu, wadda aka buɗe cikin 1924 da hasumiya shida, kowace mita 127, ta shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO cikin 2004. Har yanzu akan tayar da injinsa a can don tunawa da shi.