Gwarzon Mako: Alexander Williamson, Malamin da Ya Gano Abin da Bai Je Nema ba

 A wannan makon mun waiwayi wani masanin kimiyyar sinadarai wanda sunansa ke cikin littattafan kemistiri.

An haifi Alexander Williamson a Landan ranar 1 ga Mayu, 1824. Tun yana yaro idonsa na dama ba ya gani, hannunsa na hagu kuma ya raunana, amma hakan bai hana shi aikin ɗakin gwaji ba. Ya tafi Jamus ya yi karatu a Heidelberg, sannan ya koma Giessen wajen shahararren malami Justus von Liebig, inda ya sami digirin dakta a 1845. A 1849 ya zama farfesa a Kwalejin Jami'ar Landan.

A 1850 ya jefa ƙarfen fotasiyam cikin itanol, ya sami fotasiyam etoksaid, sannan ya zuba masa etil ayodaid. Burinsa ya haɗa wani ɗan'uwan itanol mai dogon jiki. Sai ga wani ruwa mai saurin tashi sama ya fito, ba shi da halin itanol. Itanol yana tafasa ne a digiri 78, wannan kuwa kusan digiri 35, wato zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu ya ishe shi tafasa. Da ya bincika, sai ya gane eta ce, wadda likitoci suka fara sa majiyyata barci da ita a wajen tiyata tun 1846.

Williamson bai tsaya nan ba. Masana na jayayya a kan ginin eta: ko rukunin etil biyu ne rataye a jikin oksijin ɗaya, ko kuwa dunƙule guda ne? Sai ya sauya etil ayodaid da metil ayodaid. Da ra'ayin dunƙule ne gaskiya, da eta iri biyu za su fito a gauraye. Amma sinadari ɗaya ne ya fito, mai metil a gefe guda, etil a ɗaya gefen, oksijin a tsakiya. Gwaji ɗaya ya raba gardama.

Yau mun san abin da ya faru: oksijin mai cajin negatif ya kai wa kabon hari, ayodin ya fice. A shekarun 1930, a kwalejin nan dai, Edward Hughes da Christopher Ingold suka fayyace wannan musanya, suka sa mata suna SN2.

A 1863 ya karɓi baƙuncin wasu matasa biyar daga Jafan da suka zo karatu. Ɗayansu, Ito Hirobumi, ya zama firaministan Jafan na farko a 1885. Williamson ya yi ritaya a 1887, ya rasu ranar 6 ga Mayu, 1904.

Ku masu shirin WAEC da NECO, daga nan har Argungu, idan an ba ku tambayar gano sinadarin da ya fito, ku bi hanyarsa: ku nemi mai kai hari, ku nemi mai fita, ku haɗa saura, sannan ku gwada amsarku da halayen abin da aka samu.

Sai mako mai zuwa.

Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta