Béranger: Mawaƙin zambon da sarakunan Faransa suka ɗaure har sau biyu

A ranar 17 ga Yulin 1857, sojoji sun yi jerin gwano a titunan birnin Paris domin jana'izar wani tsoho da bai taɓa riƙe bindiga ko kujerar minista ba. Gwamnatin Napoleon na Uku ce ta ɗauki nauyin bikin, kuma ta gaggauta shi kwana guda bayan rasuwar, don gudun kada taron makoki ya rikiɗe ya zama zanga-zanga. Mamacin shi ne Pierre-Jean de Béranger, mawaƙin da ya kwashe shekaru yana yi wa manyan ƙasar zambo da habaici.

An haife shi a Paris ranar 19 ga Agustan 1780, a gidan kakansa wanda tela ne. Bai yi karatu mai zurfi ba. Yana yaro aka kai shi garin Péronne wajen gwaggonsa mai gidan saukar baƙi, a can kuma ya koyi aikin ɗab'i, inda ya ƙware a rubutu yana jera haruffa. Da ya koma Paris sai kasuwancin mahaifinsa ya karye, ya faɗa cikin talauci. Lucien Bonaparte, ƙanin Napoleon, shi ya fara tallafa masa bayan ya karanta waƙoƙinsa, kuma a 1809 ya samu aikin akawu a ofishin jami'a.

Sunansa ya fito a 1813 da waƙar Le Roi d'Yvetot, labarin wani ƙaramin sarki mai sauƙin kai, mai hawa jaki, wanda bai damu da yaƙi ko faɗaɗa ƙasa ba. Waƙar ba ta ambaci Napoleon ba, amma a ƙasar da yaƙe-yaƙensa suka cinye samarinta, kowa ya gane inda aka dosa.

Dabararsa mai sauƙi ce. Yakan ɗora sababbin baitoci a kan karin waƙar da mutane suka riga suka sani, don haka ko wanda bai iya karatu ba yana iya haddace su daga ji ɗaya ko biyu. Ana rera su a mashaya, da wuraren aikin hannu, da ƙungiyoyin mawaƙa na ma'aikata da ake kira goguettes. Hukuma tana iya ƙwace littafi, amma ba ta da hanyar ƙwace abin da ya riga ya shiga bakin jama'a.

Bayan faɗuwar Napoleon da dawowar gidan sarautar Bourbon, Béranger ya samu abin yi. Ya yi wa ’ya’yan sarauta da suka dawo daga gudun hijira suna neman tsohon gatansu ba'a a Le Marquis de Carabas. Ya zana ɗan majalisa mai tumbi wanda ke sayar da ƙuri'arsa saboda liyafar ministoci. Bai ƙyale manyan malaman coci masu kusanci da fada ba.

An gargaɗe shi cewa in ya sake buga littafi zai rasa aikinsa. Ya buga a 1821, aka kore shi, kotu ta yanke masa wata uku a kurkukun Sainte-Pélagie da tarar faran 500. Shari'ar ta zame masa talla. Da aka buga bayanin zaman kotun, baitocin da aka haramta sun fito a ciki, tunda an karanta su a gaban alƙalai. Aka sake kai ƙara a kan haka a 1822, amma wannan karon aka wanke shi.

Karo na biyu ya fi tsanani. Sarki Charles na Goma ya yi bikin naɗi na ƙasaita a birnin Reims a 1825, irin na zamanin da. Béranger ya mayar da bikin abin dariya ta hanyar fakewa da sunan wani tsohon sarki da ake yi wa laƙabi da Charles le Simple, wanda masu sauraro suka fassara da wawa. A 1828 aka ɗaure shi wata tara a kurkukun La Force, da tarar faran 10,000. Jama'a ne suka yi karo-karo suka biya, manyan marubuta kuma suka riƙa kai masa ziyara. Ƙasa da shekara biyu bayan hukuncin, a Yulin 1830, mutanen Paris suka kori sarkin.

A nan ne halinsa ya bayyana. Abokansa sun hau mulki tare da sabon sarki Louis-Philippe, aka yi masa tayin muƙami, ya ƙi. Bai yarda ya nemi kujera a Académie française ba. A 1848 aka zaɓe shi ɗan majalisa ba tare da ya so ba, bai daɗe ba ya ajiye. Ya fahimci cewa mai zambo in ya ci tuwon fada, harshensa ya ɗaure ke nan.

Duk da haka bai tsira daga suka ba. Don ya muzanta sarakunan Bourbon, ya yi waƙoƙin begen Napoleon da tsofaffin sojojinsa. Masu sukarsa na ganin waɗannan waƙoƙi sun taimaka wajen raya sunan da ɗan ƙanin sarkin ya hau a kai har ya zama Napoleon na Uku, ya danne ’yancin da mawaƙin ya sha ɗauri dominsa.

Ya rasu ranar 16 ga Yulin 1857, aka binne shi a maƙabartar Père-Lachaise, kabari ɗaya da amininsa ɗan adawa Jacques-Antoine Manuel. Yau ba kasafai ake rera waƙoƙinsa ba, domin zambo yakan tsufa tare da wanda aka yi wa. Sana'ar ce ta wanzu: mawaƙan café-concert da na unguwar Montmartre, irin na gidan Chat Noir da aka buɗe a 1881, sun ci gaba da sa ministoci da shugabanni a baki, a kan hanyar da ya share musu.