Samuel Johnson (1709-1784): Marubuci Mai Zaman Kansa

An haifi Samuel Johnson a garin Lichfield na ƙasar Ingila a shekarar 1709. Mahaifinsa mai sayar da littattafai ne, don haka a cikin littattafai ya buɗi ido, duk da cewa ciwon da ya yi yana jariri ya raunana masa gani da ji. A shekarar 1728 ya shiga Jami'ar Oxford, amma bayan wata 13 kuɗi suka ƙare, ya komo gida ba tare da digiri ba. Rashin wannan takarda ya toshe masa hanyar samun aikin koyarwa mai tsoka. A 1735 ya auri wata bazawara, Elizabeth Porter, wadda ta girme shi da shekara 20. Da dukiyarta ya buɗe makaranta, sai dai ɗalibai uku kacal ya samu, makarantar ta rushe. A 1737 ya nufi Landan tare da ɗaya daga cikin ɗaliban nan, David Garrick, ba shi da wani jari in ban da alƙalami da wani wasan kwaikwayo da bai kammala ba.

A wancan zamani hanya biyu marubuci yake da ita ta cin abinci. Ko dai ya sami ubangida daga cikin masu sarauta ya raɓe shi, ko kuma ya sayar da rubutunsa ga dillalan littattafai. Cinikin kuwa na yanke ne: da zarar an biya marubuci, littafi ya zama na dillali, ko sau nawa aka sake buga shi. Johnson ya bi hanya ta biyu. Ya riƙa yi wa mujallar Gentleman's Magazine ta Edward Cave duk aikin da ya samu, fassara ce, tarihin mutane ne, ko waƙa. Waƙarsa mai suna London, wadda ta fito a 1738, ta sha yabo, amma fam 10 da sule 10 ne abin da ya shiga aljihunsa. Akwai dararen da shi da abokinsa Richard Savage suka kwana suna yawo a titi saboda ba su da kuɗin ɗaki.

Aikin da ya fi ba da mamaki a wannan lokaci shi ne na muhawarar majalisa. Doka ta hana a buga abin da 'yan majalisa suka faɗa, sai mujallar ta riƙa fitar da shi da sunan muhawarar wata ƙasa ta almara. Johnson ba ya halartar zaman. 'Yan bayanai ake kawo masa, shi kuma ya tsara wa kowane ɗan majalisa jawabi da fasahar da mai jawabin kansa bai mallaka ba. Da ya fahimci jama'a suna ɗaukar jawaban a matsayin na gaskiya, sai ya ajiye aikin, alhali yana da matuƙar bukatar kuɗin.

A 1746 wasu dillalai suka haɗu suka ba shi kwangilar rubuta ƙamusun Ingilishi a kan fam 1,575. A ido kuɗi ne masu yawa. Sai dai daga cikinsu ne zai biya hayar gida, ya sayi takarda, ya kuma sallami mataimaka shida masu kwafi. Ya yi alkawarin shekara uku, aikin ya ci kusan tara. Ga ɗalibin harshe, abin lura shi ne hanyar da ya bi: ya karanta manyan marubutan Ingilishi, yana ja wa kalmomi layi, sannan ya kafa ma'anar kowace kalma a kan yadda aka yi amfani da ita. Ƙamusun ya fito a 1755 da kalmomi fiye da 42,000 da misalai sama da 100,000. A Faransa, hukumar masana 40 ta shafe fiye da shekara 50 kafin ta fitar da nata.

Tun a 1747 ya gabatar da tsarin aikin ga wani basarake, Lord Chesterfield, da fatan samun tallafi. Fam 10 ya samu, daga nan shiru har shekara bakwai. Da ƙamusun ya kusa fitowa sai basaraken ya rubuta maƙaloli biyu yana yabonsa. Johnson ya aika masa da wasiƙa mai ladabi a baki, mai ɗaci a ciki, yana nuna masa cewa taimakon ya zo bayan an daina bukatarsa. Masana adabi suna ɗaukar wasiƙar a matsayin alamar ƙarewar zamanin dogaro da iyayengiji. A tsakanin waɗannan shekaru ne kuma ya riƙa fitar da maƙalolin The Rambler sau biyu a mako, daga 1750 zuwa 1752, shekarar da matarsa ta rasu.

Ƙamusun ya kawo suna, bai kawo kuɗi ba, domin an cinye kuɗin kwangilar tun kafin a gama. A 1756, shekara guda bayan fitowarsa, aka kama Johnson kan bashin fam 5 da sule 18, sai da marubuci Samuel Richardson ya kawo masa ɗauki. A 1759 mahaifiyarsa ta rasu. Don ya biya kuɗin binne ta da bashin da ta bari ya rubuta labarin Rasselas a dararen mako guda, aka biya shi fam 100. Ba duka laifin dillalai ba ne. Johnson mutum ne mai jan ƙafa, ba ya zama ya yi rubutu sai wa'adi ya matso, ga kuma baƙin ciki da yake taso masa lokaci-lokaci. Ya karɓi kuɗin mutane a 1756 don fitar da ayyukan Shakespeare, littafin bai fito ba sai 1765.

Sauƙi ya zo a 1762, lokacin da gwamnatin Sarki George na Uku ta yanka masa fansho na fam 300 a shekara. Ya yi jim kafin ya karɓa, don a ƙamusunsa ya bayyana fansho da cewa lada ne da ake ba 'yan koren gwamnati, kuma abokan hamayya ba su bar shi ya manta ba. Daga nan rubutunsa ya ragu, hirarsa ta yawaita, wadda James Boswell ya adana. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne tarihin mawaƙan Ingilishi 52, tsakanin 1779 da 1781. Da aka ce ya yanka farashi, fam 210 ya nema, alhali masu sanin kasuwa sun ce da ya nemi ninki biyar da an ba shi. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 1784, aka binne shi a majami'ar Westminster.