G. P. Bargery: Mutumin Da Ya Fara Babban Aikinsa Yana Da Shekara 45

Gabatarwa

Ranar da na shaida wa mutanen gidanmu a Kafanchan cewa zan shiga jami'a in karanta Hausa, ina da shekara 43, kuma na daɗe ina koyarwa a firamare. Yayata ta dube ni, ta tuna mini cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abokan aiki kuwa mamakinsu shi ne, me ya rage in koya a harshen da Bajju da Atyap da Fantswam da Hausawa muke ciniki da shi kullum a kasuwa? Maganganun nan sun tsaya mini a rai, har na fara tunanin janyewa. Ana cikin haka aka ba mu jinga a kan ƙamusoshin Hausa. A nan na ci karo da tarihin wanda zan kawo wa 'yan'uwana ɗalibai a wannan fitowa.

Haihuwarsa da Zuwansa Nijeriya

An haifi George Percy Bargery a garin Exeter na ƙasar Ingila a 1876. Ya zo Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20 a matsayin ɗan mishan na ƙungiyar CMS, kuma a nan ya fara jin Hausa daga bakin masu ita. A 1910 rashin lafiya ta mayar da shi gida. Wani da shi ke nan ya haƙura, amma shi sai ya dawo a 1912, wannan karon a matsayin jami'in ilimi na gwamnati, har ya buɗe makaranta a Wannune ta ƙasar Tibi.

Aikin Ƙamus

A 1921 Gwamna Hugh Clifford ya ɗora masa aikin haɗa ƙamus na Hausa. A lokacin Bargery yana da shekara 45, wato shekarun da wasunmu suke fara lissafin fansho. Mutumin da ya saba da aji da allo, ga shi ya koma farautar kalmomi.

Bai yi aikin shi kaɗai ba. Daga cikin malaman da suka dafa masa akwai Malam Mahmudu Ƙoƙi na Kano. Shi ma R. C. Abraham, wanda daga baya ya fitar da nasa ƙamus, ya taimaka masa na wani lokaci. An zaga ƙasar Hausa ana sauraron bakin mutane, shi ya sa mai duba littafin zai ga an nuna masa cewa wannan kalma ta Sakkwato ce, waccan ta Katsina ce. An nuna karin sauti da tsawon wasali da jinsi da jam'i. A ƙarƙashin kalmar ƙato kaɗai an jero ɗaruruwan kalmomi masu nuna girma. Da na ga wannan sai jikina ya yi sanyi, na gane ashe Hausar kasuwa da nake taƙama da ita cikin cokali ce.

Ƙamus ɗin ya fito a 1934 daga maɗaba'ar Jami'ar Oxford, da kalmomi wajen 39,000. Shekara 13 ke nan da fara aikin, mai shi kuwa yana da shekara 58. A 1993 maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello ta sake buga shi da ƙarin kalmomin da Neil Skinner ya tattara.

Sauran Rayuwarsa

Bayan ƙamus, Bargery ya koyar da Hausa a makarantar nazarin harsunan Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan har zuwa 1947. Duk da haka bai zauna ba. A 1953, yana dab da shekara 77, ya sake dawowa Kano don gyaran fassarar Sabon Alkawari, ya zauna har 1957. Ya rasu a 1966.

Kammalawa

Abin da na tsinta a rayuwar wannan bawan Allah shi ne, shekara 20 da ya yi kafin 1921 ba asara ba ce, guzuri ce. Da bai zauna da mutane ya ji bakinsu ba, da ba a ga cancantarsa ba. Ni ma na lura cewa shekarun da na yi ina koya wa yara baƙi da wasali su ne suke taimaka mini a darasin tsarin sauti.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana masu furfura a aji da kada su ji kunyar zama da sa'o'in 'ya'yansu, domin gemu ba ya hana ilimi. Ku kuma matasa, in wani babba a gidanku ya ce zai fara abin da ya daɗe yana buri, ku ƙarfafa masa gwiwa. Ni dai yanzu na sayi littafin rubutu na musamman. Duk hutun da na je Kafanchan nakan zauna a kasuwa da tasha ina rubuta kalmomin Hausarmu ta can, in na dawo in duba ko Bargery ya san da su.