Macbeth: Sarkin Sikotland Da Wasan Kwaikwayo Ya Mayar Da Shi Misalin Kwaɗayin Mulki

Duk inda aka ambaci Macbeth, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne jarumin da kwaɗayin sarauta ya kai shi ya baro. Amma tun kafin William Shakespeare ya sa sunan a wasan kwaikwayonsa, an yi sarki mai wannan suna wanda ya mulki Sikotland shekara 17.

An haifi Macbeth wajajen 1005 a gidan sarautar Moray, a arewacin ƙasar. Zamani ne da takobi ke raba gardamar gado, domin mahaifinsa ma, Findlaech, 'ya'yan ɗan'uwansa ne suka kashe shi a 1020. Macbeth ya karɓi ragamar Moray a 1032, ya auri Gruoch, jinin sarauta, wadda ta zo masa da agola mai suna Lulach.

A watan Agustan 1040, Sarki Duncan na Ɗaya ya shiga Moray da mayaƙa, aka gwabza kusa da garin Elgin, ya faɗi a fagen daga. Macbeth ya hau karaga. A 1045 mahaifin Duncan, Crinan, ya ɗaga tutar tawaye, shi ma aka kashe shi. Daga nan mulki ya zauna, har a 1050 Macbeth ya tafi ziyarar ibada birnin Rum, inda marubutan tarihi suka ce ya yi wa matalauta kyautar kuɗi mai yawa. Sarkin da ke fargabar juyin mulki ba ya yin irin wannan doguwar tafiya.

Rana ta fara yi masa yamma a 1054, lokacin da Siward, mai mulkin Northumbria a arewacin Ingila, ya kawo masa hari. A watan Agustan 1057, Malcolm ɗan Duncan ya ci shi da yaƙi a Lumphanan, ya kashe shi. Lulach ya gaje shi, amma bai cika shekara ba aka kawar da shi.

Bayan shekara kusan 550, wajajen 1606, Shakespeare ya ɗauko labarin daga littafin tarihin Holinshed, ya sake masa kama. Mai mulkin Ingila a lokacin shi ne James na Ɗaya, ɗan Sikotland, wanda gidansu ke danganta kansa da Banquo. Saboda haka Banquo, da Holinshed ya nuna da hannunsa a kisan Duncan, ya fito a wasan da tsarkin zuciya.

A wasan, Macbeth barde ne amintacce. Mayu uku suka yi masa albishir da sarauta, matarsa ta zuga shi, ya kashe Duncan yana barci a matsayin baƙonsa. Jini ɗaya ya jawo wani: ya sa aka kashe Banquo, aka hallaka iyalin Macduff. Barci ya ƙaurace masa, matarsa ta zautu ta mutu, Macduff ya sare kansa. Jarumtar da ta ɗaukaka shi ita ce ta zama makamin halakarsa, da zarar buri ya rinjayi amana. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Macbeth na tarihi ya karɓi mulki da takobi kamar sarakunan zamaninsa, ya kuma rasa shi da takobi. Zuriyar Duncan ce ta gaji ƙasar, kuma labarin da ya yi wa gidansu daɗi shi ne ya yaɗu a duniya.