Egas Moniz: Likitan da Ya Fara Ɗaukar Hoton Jijiyoyin Ƙwaƙwalwa

Idan an taɓa yi maka allura kafin hoton CT ko MRI, ruwan da aka zuba maka a jijiya shi ke sa hanyoyin jini da ƙari su fito sarai a hoto. Cikin waɗanda suka share wannan fage akwai Egas Moniz, wanda aka haifa a Fotugal a 1874.

Ya karanta likitanci a Jami'ar Coimbra, ya zama farfesan cututtukan ƙwaƙwalwa a Lisbon a 1911, har ya riƙe muƙamin ministan harkokin waje. A lokacinsa hoton X-ray ƙashin kai kawai yake nunawa, don haka gano inda ƙari yake a ƙwaƙwalwa sai da lalube. Moniz ya yi tunanin zuba wani sinadari a jijiyar wuya domin hanyoyin jini su bayyana. Ciwon gaɓoɓi ya nakasa masa yatsu, sai abokin aikinsa Almeida Lima ya riƙa yin allurar. Gwajin farko da sinadarin buromayid bai zo da sauƙi ba, har an rasa majiyyaci ɗaya. Da suka koma ayodin, a 1927 suka samu hoton da suke nema.

Daga baya ya koma amfani da Thorotrast, ruwa mai ɗauke da ƙananan burbushin sinadarin toriyam. Hoton yana fita tas, amma burbushin ba ya barin jiki. Yana taruwa a hanta da saifa da ɓargo, yana fitar da radiyeshin. Bayan shekaru masu yawa, mutane da dama suka kamu da kansar hanta, aka daina amfani da shi.

An ba shi kyautar Nobel a 1949 saboda wata tiyatar ƙwaƙwalwa ga masu taɓin hankali, wadda aka watsar daga baya domin illarta. Ya rasu a Lisbon a 1955.

Tarihin Thorotrast na cikin dalilan da suka sa yanzu ake bin diddigin inda kowane sinadarin hoto ke zuwa a jiki da yadda yake fita. Ayodin na CT da gadoliniyam na MRI galibi ƙoda ce ke fitar da su ta fitsari. Ƙananan burbushin ƙarfe da masu bincike ke saka wa ƙwayoyin halitta don bin sawunsu a MRI kuwa, jiki na iya narkar da su ya haɗa da ƙarfen da yake ajiyewa.

Saboda haka, kafin a yi maka wannan allura, ka sanar da likita idan kana da ciwon ƙoda ko asma, ko ka taɓa samun ƙaiƙayi ko sarƙewar numfashi bayan irinta. Mai juna biyu ma ta faɗa tun kafin a fara.